Waɗanda Ba a Kira Sunansu Ba

Shekarar makaranta a ƙasarmu takan ƙare ne a tsakiyar damina, wajen watan Yuli, sa'ad da masara ta fara goyo, gero kuma ya kai ƙugu. A makon ƙarshe makarantun firamare da yawa sukan yi bikin rabon kyaututtuka. Akan share fili, a kafa rumfa, a aro bencina, a ɗauko lasifika. Iyaye mata su sha ɗaurin kallabi, iyaye maza su zauna a gaba kusa da mai unguwa da hedimasta. 'Yan aji ɗaya su yi waƙa, 'yan aji shida su yi wasan kwaikwayo, sa'an nan a shiga kiran suna: na ɗaya, na biyu, na uku, daga kowane aji. Wanda aka kira ya fito da gudu, ya rusuna, ya karɓi littafin rubutu ko sabulu ko bokitin roba, mahaifiyarsa kuma ta rangaɗa guɗa.

Ban taɓa ganin laifin wannan biki ba, gama yabon gwani ya zama dole, yaron da ya yi ƙwazo kuwa ya cancanci a tafa masa a gaban jama'a. Amma na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa a firamare, mafi yawansu a aji biyu da aji uku, wurin zaman malama kuma a irin wannan rana yana can baya tare da yara, inda take tsawata wa masu surutu. Daga can baya mutum yakan ga abin da na cikin rumfa ba sa gani. Aji shida ne, kowane aji yara uku, kyauta goma sha takwas ke nan. Idan makarantar tana da yara ɗari uku, to ɗari biyu da tamanin da biyu za su koma gida hannu rabbana, bayan sun wuni suna tafa wa waɗansu. Saboda su nake wannan rubutu, 'yan'uwana ƙaunatattu, domin 'ya'yanmu ne da jikokinmu, mafi yawanmu ma a cikinsu muke sa'ad da muke yara.

Lambar da ake rubutawa a takardar sakamako, wato na nawa yaro ya zo, abu ɗaya tak take faɗa: yara nawa ne suke gabansa. Ba ta faɗar inda ya taso, balle nisan da ya yi. In mutum biyu suka iso kasuwa, ɗaya gidansa yana bayan kasuwar, ɗayan kuma ya taso daga ƙauye tun asuba da kaya a ka, wanda ya riga isowa ba shi ne ya fi tafiya ba. Ko da dukan yaran aji sun ninka iliminsu cikin shekara guda, dole dai wani ya zo na ƙarshe, domin haka lissafin jeri yake. Wanda yake son ya san tafiyar da yaro ya yi, sai ya dubi ranakun da ba a kafa rumfa ba.

Bari in faɗa muku abin da yake faruwa a waɗannan ranaku, domin mu da muka daɗe da iya karatu mun manta wuyarsa. Yaro yakan fara ne da wasulla biyar, sa'an nan baƙaƙe. Sai ya gane cewa in aka haɗa baƙi da wasali gaɓa takan fito, ba, be, bi, bo, bu, in kuma aka jera gaɓoɓi kalma takan fito. A baki abin yana da sauƙi, amma ga ɗan shekara shida aiki ne ja. A duniyar da ya sani, kujera kujera ce ko ta fuskanci gabas ko yamma, sai ga shi an ce masa b in ta juya cikinta ta zama d. Bai gama da wannan ba, sai a nuna masa 'yar ƙugiyar da ke kan ɓ da ɗ da ƙ, a ce ita ce ta raba kafa da ƙafa, ta raba baki da baƙi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tudu ne da yaro yake hawa shi kaɗai a cikin kansa, malama tana tsaye a gefe tana miƙa masa hannu.

Akwai wata yarinya da kakarta ta kawo mini aji biyu tana da shekara tara. Ta girmi sauran da shekara biyu, domin tallan ƙosai ya riƙe ta a gida. Kullum a bencin baya take zama, kunya ba ta barinta ta ɗaga hannu, ƙananan yara kuma suna yi mata dariya in ta yi tuntuɓe a kan baƙi. Haka muka yi zango biyu. Wata rana bayan an dawo daga tara, ta zo gefen teburina riƙe da takardar naira hamsin da aka ba ta don ta sayo gishiri a hanyar gida. Tun 2007 ƙananan takardun kuɗinmu suna ɗauke da rubutun boko na Hausa da Yarabanci da Ibo. Ta ɗora yatsa a kan rubutun, ta ce a hankali, "Malama, nan an rubuta na-i-ra ham-sin." Ta daɗe tana riƙe irin wannan takarda, ta san launinta da hotunanta, tana iya ba da canjinta ido rufe, amma sai ran nan ta san akwai magana a jikinta. Ba wanda ya sa ta, ba kuma jarrabawa ba ce. A ƙarshen wannan zango ta zo ta arba'in da ɗaya cikin yara hamsin da biyu. Ni dai na san ba wanda ya fi ta tafiya a ajin nan.

Haɗa gaɓoɓi ma somin tafiya ne. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna hawa da saukar murya. Saboda haka in aka rubuta cewa uwa ta tafi gari sayen gari, ko yaro yana kuka a gindin kuka, baƙaƙen iri ɗaya ne, sai mai karatu ya bi ma'ana kafin ya san yadda zai furta. Ranar da yaro ya karanta irin wannan jimla, ya tsaya, ya koma baya da kansa ya gyara muryarsa, ran nan ya tashi daga mai kiran baƙaƙe ya zama mai karatu. Malamar da ta san aikinta takan ji wannan gyara kamar yadda manomi yake jin ƙamshin ruwan farko.

Akwai kuma wani tudu da iyaye da yawa ba su san da shi ba. Tsarin ilimi na ƙasa da aka fitar a 1977 ya ce a wancan lokaci a fara koya wa yaro da harshensa ko harshen da aka fi ji a yankinsu, daga baya a koma Turanci. A makarantun da na koyar, a aji huɗu ake wannan sauyi. Ga yara da yawa a ikilisiyoyinmu Hausar ma harshe na biyu ce, Turanci kuwa na uku. Sai ka ga yaron da yake cin maki saba'in a aji uku ya faɗo arba'in a aji huɗu, a gida a ce ya lalace ko ya shiga wasa. Alhali kuwa kaya biyu yake ɗauke da su a lokaci ɗaya, darasin da harshen darasin. Maki arba'in ɗin nan wani lokaci ya fi saba'in ɗin bara gumi.

Haka abin yake a lissafi. A ƙauye ba mu da kayan koyarwa na kanti, sai tsakuwa da murfin kwalba da karan dawa. Mukan yanka kara gajeru, mu ɗaure goma goma da zare, domin yaro ya gani da idonsa cewa talatin da biyu ɗauri uku ne da kara biyu. In aka ce ya ɗebe bakwai, sai ya ga biyu ba za su isa ba, ya kwance ɗauri ɗaya, ya sami goma sha biyu, ya cire bakwai, ya rage ɗauri biyu da kara biyar. Wannan kwance ɗauri shi ne abin da muke kira aro a kan allo. Yaro yana iya yin wata uku yana rubuta 'yar lambar aron a saman lissafi bisa ga umurni kawai, sai wata rana hannunsa ya kwance zaren, idonsa ya buɗe.

Wani uba ya taɓa zuwa wurina ranar da aka ba da hutu, takardar sakamakon ɗansa a ninke cikin aljihu. Bayan mun gaisa ya ce, "Malama, yaron nan kansa ba ya ja. Na arba'in da huɗu fa ya zo. Gara ya kama mini kiwon awaki, ko ba komai ya yi amfani." Na ce, "Baba, don Allah ka ɗan zauna." Na ɗauko littafin lissafin yaron na zangon farko da na zangon ƙarshe, na buɗe su a gabansa. A zangon farko maki goma sha takwas ya ci cikin ɗari, a na ƙarshe arba'in da shida, amma matsayinsa daga na arba'in da bakwai ya matsa zuwa na arba'in da huɗu kawai, domin sauran yaran ma ba a tsaye suke ba. Na kira yaron, na ce wa uban ya ba shi lissafi da kansa. Ya ce, "In na kai awaki talatin da biyu kasuwa, aka sayi bakwai, saura nawa?" Yaron ya sunkuya, leɓunansa suna motsi, ya ce, "Ashirin da biyar, Baba." Uban ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ashe ya iya. To, a bar shi mu ga baɗi." Yaron ya gama aji shida ba a taɓa kiran sunansa a lasifika ba. Yau shi ne yake riƙe littafin adashen manoman ƙauyensu.

Abin da ke kan mizani ke nan, 'yan'uwana. Yadda muka karɓi takardar sakamako a gida yakan yanke ko yaro zai koma benci ko ba zai koma ba. Namiji a tura shi gona ko kiwo, mace a mayar da ita talla ko a fara maganar aurenta, duk a kan lamba ɗaya da aka karanta a gurguje. Mukan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma kada mu ɗora wannan karin magana a kan ɗan shekara takwas. Gero da dawa a gona ɗaya suke, ruwa ɗaya suke sha, gero ya riga nuna, ba kuwa wanda yake tumɓuke dawarsa a watan Agusta don ba ta fid da kai ba.

Ya kamata mu tuna yadda karatun nan ya iso hannunmu. A 1909 ne Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano. Likita Miller da abokan aikinsa sun koyar da yara a birnin Zariya, daga baya a Wusasa. A Gindiri an fara horar da malamai da masu bishara a 1934, shekara biyu bayan an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci, manya masu furfura suka zauna da yamma bayan sun dawo daga gona, suna bin baƙaƙe da yatsa a hasken fitila. Ba a jera su na ɗaya da na ƙarshe ba. Ranar da tsoho ya karanta wasiƙar ɗansa da kansa ba tare da ya kai wa wani ba, gidan duka yakan yi murna. Kakar yarinyar nan mai naira hamsin a ajin zumuntar mata ta koyi karatu, ta kuma san daɗinsa, shi ya sa ta raba jikarta da farantin talla.

Daga baya gwamnati ta buɗe ƙofa ga kowa. A watan Satumba na 1976 aka soma shirin ilimin firamare kyauta, yara suka cika makarantu har aka koma gindin itatuwa. A 1999 aka ƙaddamar da sabon shiri a Sakkwato, dokar 2004 kuma ta ce shekara tara na farko kyauta ne, tilas ne kuma ga kowane yaro. Doka tana iya rubuta sunan yaro a rajista, amma abin da yake tashe shi da safe ya wanke fuska ya kama hanya, shi ne ya san akwai wanda yake lura da ƙoƙarinsa.

Ban da karatu da lissafi, akwai abubuwan da yara suke koya kullum waɗanda ba su da gurbi a takardar sakamako. Yaron da yake tafiyar kilomita huɗu a cikin hunturu ya iso kafin a kaɗa ƙararrawa ya koyi cika alkawari. Yarinyar da ta sa reza ta raba fensirinta biyu ta ba wadda ba ta da shi ta koyi abin da manya da yawa ba su iya ba. Wanda ya tsinci naira ashirin a fili ya kawo wa malama, da wanda yake zama kusa da baƙon yaro yana fassara masa abin da aka ce, da wadda ta fasa tulun aji ta faɗa da bakinta tun ba a tambaya ba, duk sun ci jarrabawa, ko da yake ba a ba su maki ba.

A makarantar da na yi ritaya, mu malamai mun zauna mun ƙara waɗansu kyaututtuka a kan na gargajiya: ta wanda ya fi kowa ci gaba tsakanin zangon farko da na ƙarshe, ta wanda bai yi fashi ba ko sau ɗaya, ta mai tsabtar littafi, ta mai taimakon 'yan'uwansa. Ba su ci kuɗi ba, fensir ne da sabulu. Mukan kuma ajiye shafin farko da kowane yaro ya rubuta a watan Satumba, mu manna shi kusa da wanda ya rubuta a Yuli, mu ba shi ya kai gida. Na ga iyayen da ba su iya karatu ba suna duban shafukan nan biyu suna murmushi, gama ko wanda bai san baƙi ba ya san bambancin tafiyar kaza da layin da ya miƙe.

Sai dai a nan akwai gargaɗi. Yabon da ba gaskiya a cikinsa ba ya gina yaro, yara kuwa sun fi mu saurin gane shi. In ka ce wa yaro gwani ne alhali ya san bai iya ba, ka koya masa cewa maganarka ba abin dogara ba ce. Yabo mai amfani yakan kama sunan aikin: jiya ba ka iya rubuta ƙ ba, yau ga ƙugiyarta a wurinta, makon jiya ka tsaya a sau uku, yau ka kai sau shida. Irin wannan yabo yana tafiya tare da gyara, domin wanda ya lura da abin da ka iya, shi ne za ka saurara in ya nuna maka abin da ya rage.

Na ɗayan ma yana bukatar a yabe shi da hikima. Na ga yaran da suka yi kuka mai zafi don sun zo na biyu, suna tsoron komawa gida. Na ga waɗanda suka fara leƙen takardar maƙwabci tun suna aji uku, domin sun gane cewa a gidansu lamba ake so, ko ta wace hanya ta zo. Satar jarrabawar da muke kuka da ita a manyan makarantu, sau da yawa a nan take tsiro. Ka yabi mai ƙwazo saboda aikin da ya yi, ka kuma tuna masa cewa kaifin kai baiwa ce da aka ba shi, bai saya ba, kuma an ba shi ne domin ta amfani waɗansu. Sa shi ya zauna da ƙanensa da yamma ya koya masa. Wanda ya koyar ya koya sau biyu.

To, ya kai uba, ya ke uwa, in yaro ya kawo takardar sakamako, kada ku karɓa a tsaye. Ku zauna, ku zaunar da shi. Ku nemo ta zangon da ya wuce ku ajiye su tare, ku dubi makin kowane darasi kafin ku dubi matsayi. Ku karanta abin da malami ya rubuta a ƙasa, in ba ku iya ba ku sa wani ya karanta muku. Ku ce wa yaron ya nuna muku abu ɗaya da ya iya yanzu wanda bai iya ba a da, ko da rubutun jikin buhun taki ne zai karanta. In maki ya faɗi, ku tambayi dalili kafin ku ɗauki bulala: ko ba ya ganin allo daga inda yake zama, ko kunnensa ba ya ji sosai, ko zazzaɓi ya kwantar da shi mako uku, ko da yunwa yake zuwa aji. Ku kiyaye bakinku daga kiransa daƙiƙi ko jaki, domin sunan da uba ya raɗa wa yaro cikin fushi yakan bi shi har ya yi furfura. Bayan haka ku je ku gai da malaminsa, ko sau ɗaya a zango.

Mu kuma sauran jama'a, ɗa na kowa ne. A cikinmu akwai marayu da 'ya'yan gwauraye da ba su da wanda za su nuna wa littafinsu. In an tashi daga sujada, ka tsai da ɗaya daga cikinsu a bakin ƙofa, ka tambaye shi ajinsu nawa, me ya koya a makon nan, ka saurara har ya gama, ka ce masa madalla. Minti biyu ne a wurinka, shi kuwa yana iya riƙe shi shekara ashirin.

Allah ya ba mu idon da zai ga ƙaramin ci gaba, da bakin da zai faɗe shi cikin gaskiya. Ya ƙarfafa malaman da suke tsaye gaban allo kowace safiya, ya kuma albarkaci 'ya'yanmu duka, na gaba da na tsakiya da na bencin baya. Amin.